Lamba Ɗaya a Bakin Kwazazzabo

Mijina Staf bara ne, kuma ba zaginsa na yi ba, sunan aikin ke nan a wurinmu. A kowace ƙungiyar tseren keke mutum ɗaya ake so ya ci, sauran duk barorinsa ne. Su za su tare masa iska, su koma baya su ɗebo masa ruwa, in tayarsa ta yi faci su kwance tasu su miƙa masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi Staf baran Leander Tack ne, mutumin da duk Beljiyam ta yi ittifaƙi ba a taɓa haifar mahayin keke kamarsa ba, ba kuma za a sake ba. Ni ban taɓa musa wannan ba. Abin da na sani kawai shi ne, duk inda Tack ya jefa kansa, dole mijina ya bi.

Hawan dutse bai taɓa damuna ba, wahala ce kawai, kuma Staf ya saba da ita. Gangara ce ke hana ni cin abinci. Mutum a kan taya mai kaurin yatsa, ba komai a kansa sai hular yadi, yana zubowa daga kan dutse da gudun mota, hagunsa dutse damansa rami. Duk watan Yuli, in aka fara babban tseren Faransa mai ɗaukar mako uku, sai na rame har siket ya riƙa juyawa a ƙuguna. Kullum da safe ina kunna kyandir a ɗan ɗakin addu'a na bakin hanyarmu, ba don ya ci ba, don dai ya dawo min da ƙafafunsa.

A shekarar da nake ba da labari ba mu da talabijin, don haka a mashayar Zulma nake kallo. Masaƙar garinmu tana hutu, garin kaf yana can. Ku duba rashin ta ido irin na mutanen garinmu: Staf a nan aka haife shi, a cocin da ke kallon mashayar aka yi masa baftisma, amma ƙaton hoton da ke saman kanta, dab da gicciye, na Tack ne. Hoton Staf ɗan mitsitsi ne, yana jikin bangon hanyar bayan gida. Na taɓa yi wa Zulma magana, ta ce ai nan ya fi samun masu kallo, tunda babu mai shan giyarta da ba ya bi ta wurin.

Ranar ana ruwa a duwatsun kudancin Faransa, mu kuwa rana ƙwal. Na samu surukina, Baba Kamiel, a kujerarsa ta gefen taga, da kashin tantabara a kafaɗar rigarsa kamar kullum. Shi ma ya yi tsere a ƙuruciyarsa, irin na bikin ƙauye, bai taɓa cin kyautar da ta wuce cinyar alade ba, amma in yana sharhi sai ka rantse shi ya koya wa Tack taka feda. Ya jawo min kujera. Prosper mai burodi, shugaban magoya bayan Tack na garinmu, ya hango ni ya ɗaga kofinsa.

"Ga matar bara ta iso. Irma, yau gora nawa maigidanki zai ɗauko?"

"Ko nawa ne, a kan ƙafarsa yake ɗauka," na ce. "Kai tumbinka ma sai da taimakon kujera."

Aka yi dariya, Zulma ta ajiye min kofi.

Talabijin ɗin ba ya nuna komai sai layin ƙarshe da laimomin 'yan kallo. Hazo ya rufe dutsen, jirgi mai saukar ungulu bai iya tashi ba, saboda haka babu hoton tseren. Mai sharhi yana zaune a rumfarsa, abin da aka bugo masa ta waya daga hanya shi yake karanta mana. Ya ce sun haye ƙololuwar dutse na ƙarshe, Tack yana cikin 'yan gaba da baransa guda ɗaya. Kowa ya san wane ne baran. Ya ce duk sun saka rigar ruwa, ta rufe lambobin da ke bayansu, fuskoki kuma duk taɓo, sai da lambar da ke maƙale a jikin keke ake gane mutum. Daga nan sai gangara har gari.

Sai ya yi shiru. Mai sharhi ba ya shiru, don surutu ake biyansa. Muka ji yana magana da wani ƙasa-ƙasa, sannan ya dawo da wata murya daban. Ya ce wani mai babur ya ga keke rataye a kan duwatsun bakin wata kwana, tayar gaba ta lanƙwashe, mahayin ba a gan shi ba, ƙasan wurin kwazazzabo ne. Ya ce lambar da ke jikin keken ɗaya ce.

Ɗaya lambar Tack ce. Zulma ta yi alamar gicciye da tsumman goge kofi a hannunta. Prosper, ƙato guda, ya kifa kai a kan tebur yana kuka kamar an ce uwarsa ta rasu. Wani tsoho ya cire hula.

Ni kuwa daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Wani sanyi ya sauko min tun daga wuya har cikina, na ce a raina ba nawa ba ne. Har na yi lissafin cewa yanzu babu wanda Staf zai bi a guje, zai lallaɓo abinsa a hankali kamar mai zuwa sayen madara. Na kafa kofin a bakina na daɗe ban sauke ba, don kada wani ya ga fuskata. Tack yana da mata, na san ta, mun taɓa zama tebur ɗaya a walimar ƙungiya, amma a lokacin ko tuna ta ban yi ba.

Daɗin bai daɗe ba. Mai sharhi yana ta maimaita abu ɗaya, an tura mutane da igiya, hazo ya hana ganin ƙasa, amma bai ambaci Staf ba ko sau ɗaya. Na tambayi Baba Kamiel ina Staf yake ke nan. Ya ce ina kuwa zai kasance, bara ba ya barin maigidansa, ƙila ma ya ajiye keke ya bi shi ƙasa. Na kuwa san zai iya. Na hango shi da takalmin tsere mai santsi yana dafa jiƙaƙƙen dutse, na ce Ubangiji ka sa masa tsoro, ka zaunar da shi a bakin titi.

Ana cikin haka waya ta sake shigowa rumfar mai sharhi. Daga ƙauyen da ke gindin dutsen ne, inda wani ke tsaye yana karanta lambobin masu wucewa. Ya ce mutum ɗaya ya fito daga cikin hazo shi kaɗai, ya ba sauran rata mai yawa, yana gudu kamar ana korarsa. Lamba bakwai.

Bakwai lambar Staf ce. Duk kawunan da ke mashayar suka juyo kanmu. Baba Kamiel ya miƙe a hankali, yana dafe da tebur. Shekara da shekaru ɗansa yana ɗauko wa wani ruwa, bai taɓa cin ko tseren yini ɗaya ba, yau ga shi a gaba duniya tana ji. Mai sharhi ya samu abin faɗi, ya shiga zuba: bara ya ɗauki tutar maigidansa, bara zai ci domin wanda ya faɗi. Prosper ya ɗago jajayen idanu ya ce to, in dai Staf ne, ya yafe. Wani ya turo wa Baba Kamiel giya.

Ni kuwa ban yi murna ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Staf yana tsoron gangara, ni kaɗai ya taɓa gaya wa, ko ubansa bai sani ba. Yana bin Tack ne don dole, idonsa a kan tayar baya ta maigidan, inda ta bi nan yake bi. Shi kaɗai, cikin ruwa da hazo, ba zai taɓa tsere wa kowa a gangara ba. Mutum ɗaya ne a duniya yake sauka daga dutse haka.

Kuma na san dalilin da ya sa aka ɗauki Staf aiki tun farko. Akwai waɗanda suka fi shi ƙarfi, amma shi tsayinsu ɗaya da Tack, tsawon ƙafa ɗaya. Ko sirdin kekensa ba a kan awonsa ake ɗaurewa ba, a kan awon Tack ne, don in keken maigida ya samu matsala, motar ƙungiya kuma tana nesa, sai ya sauka kawai ya miƙa nasa. Lamba kuwa a jikin keke take, ba ta sauka tare da mutum. In Tack yana kan bakwai, to wa ke kan ɗaya?

Na ja hannun rigar surukina.

"Baba, ba shi ba ne."

"Me kika ce?"

"Ba Staf ba ne a gaba. Sun yi musayar keke."

Ya fizge hannunsa. "Ke dai ba kya son abin arziki, yarinya. Kin fi na wurin gani ne? An ce bakwai, ke kina nan kina shan kofi kin ce a'a."

Ni ma ina so ya fi ni gaskiya. Ban taɓa son a ƙaryata ni kamar ranar ba. Na shiga roƙon Allah ya sa mijina ya zama marar imani, mutumin da zai ga maigidansa ya faɗa rami ya wuce abinsa don neman suna. Na ce ko wane iri ne ina so, in dai shi ne a kan keken nan. Baba Kamiel kuwa yana tsaye yana gaya wa na kusa da shi cewa tun yaron yana ƙarami ya san akwai ranar da zai nuna kansa.

Kyamarar da ke kafe a titin ƙarshe ta kamo fitilun babura, sannan wani ɗan baƙin abu a tsakiyarsu. Yana matsowa, yana girma. Ba a ganin fuska, rigar ruwa tana kaɗawa a bayansa. Amma yadda yake jefa kafaɗa hagu da dama, kansa a karkace kamar mai sauraron kaca, ko yaron goye a ƙasar nan ya san mai wannan hawan. Staf a miƙe yake zama, kamar mai jiran a yi masa aski.

Prosper ne ya fara magana, a hankali, kamar mai tsoron kada ya tashi daga mafarki. "Tack ne." Sai kuma ya daka tsawa, "Tack ne, yana raye!"

Mashayar ta kece. Kujeru suka faɗi, giya ta zube, maza suna rungumar juna suna tsalle har kofuna na rawa a kan kanta. Mai sharhi yana ihu muryarsa na shaƙewa, wai mutumin nan ko mutuwa ba ta iya kamo shi. Tack ya tsallake layi bai ko ɗaga hannu ba, kyamara ta matso, ga lambar nan fara ƙal a ƙarƙashin ƙarfen keken, bakwai. Aka barke da waƙar da suke yi masa. A duk ɗakin nan babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa wane ne a cikin kwazazzabon, tunda ba Tack ba ne.

Baba Kamiel ya zauna. Bai zauna a kujera ba, don ta faɗi, a ƙasa ya zauna, da kofin giyar da aka ba shi a hannu. Ya ɗago ya dube ni kamar ni zan gyara abin. Na so in yi ihu in ce su rufe mana baki.

A talabijin an tare Tack da makirufo, yana haki, leɓunansa sun yi baƙi don sanyi. Ya ce birkinsa ne ya saki a ƙololuwa, mota tana can baya, Staf ya ba shi keke. Ya waiga bayansa ya ce, ina Staf ɗin, ya iso? Wani ya raɗa masa magana a kunne. Na ga fuskar mutumin da ake cewa ba ya tsoron komai ta zube. Ya ture makirufon ya fita daga hoton. Na tsane shi a lokacin, na kuma ji tausayinsa, duka biyun a tare. Staf kuwa na san abin da ya yi. Maimakon ya zauna ya jira mota, ya hau keken da ba birki, saboda in bara ya makara aka cire shi daga tsere, gobe wa zai tare wa maigida iska?

Zulma ce ta fara ankara. Ta zagayo ta kama ni ta kafaɗa, ta ja ni zuwa lungun baya inda wayarta take, tsakanin akwatunan kwalabe. Ta bugi gidan manajan ƙungiya, matarsa ta ce ita ma abin da ta gani a talabijin shi ta sani. Ta nemi a haɗa ta da Faransa, aka ce layi a cike yake, duk ƙasar ana bugawa. Ta bar saƙo ko'ina cewa matar Staf tana wurinta, sannan ta kife akwati ta zaunar da ni.

Daga lungun ina jin waƙar tana mutuwa, murya bayan murya, yayin da magana ke zagayawa. Can sai tsit. Wannan shirun ya fi waƙar ba ni tsoro. Na ji ana ɗaga kujeru a hankali, ana tafiya da sanɗa kamar gidan makoki. Prosper ya leƙo, hularsa a hannu, ya buɗe baki, na dube shi, ya koma. An kawo Baba Kamiel an zaunar kusa da ni, ya tsufa a cikin yinin nan, yana ta murza gwiwarsa yana cewa yaron ya iya faɗuwa, tun yana ƙarami ya iya faɗuwa, shi ya koya masa.

Wani mai gwaninta har ya je ya kira Fada, limamin cocinmu. Da na ga baƙar rigarsa a bakin lungun sai jinina ya hau. Na ce, "Fada, ba a mutu ba tukuna. In an mutu za a aiko." Bawan Allah ya ja da baya, ya je ya tsaya a wurin kanta. Daga baya na ba shi haƙuri, amma a ranar da ya ƙara taku ɗaya da kwalba zan jefe shi.

Ban san iya zaman da muka yi ba. Rana dai ta sauko ta shigo ta ƙaramar tagar lungun, ta haske ƙura a kan kwalabe. Ina kallon wayar, ina so ta yi ƙara, ina kuma tsoron ta yi. Duk abin da na taɓa hangowa a watannin Yuli na baya ya dawo min, har kalar rigar da zan saka. Na ciji yatsana don in daina.

Da ta yi ƙara, Zulma ta ɗauka ta miƙo min ba ta ce komai ba. Firmin ne, mai yi wa 'yan ƙungiyar tausa, dattijo mai sanyin magana. Layin yana shuu kamar ana soya abu.

"Madam Irma, kina ji na? Yana numfashi. Wata bishiya ce ta tare shi, an jawo shi da igiya. Muna asibiti."

Na miƙe na jingina da bango. Na ce ya yi magana? Ya ce ya yi, har ya zagi masu ɗaukarsa. Sai ya sassauta murya, irin na mai shirin faɗin mugun labari. Ya ce ƙashin ƙugu ya farfashe, likita ya ce zai yi tafiya, da sanda da farko, wataƙila da ɗingishi har abada. Ya ce in yi haƙuri, in daure, shi ma bai san yadda zai gaya wa Staf ba.

"Keke fa?" na ce.

"Madam, wannan kam ya ƙare."

"Ba zai sake hawa ba? Ko an yi shekara?"

"Ba zai sake tsere ba. Ki yi haƙuri."

Na ce na gode, na ajiye wayar. Wani abu ya taso min daga ciki, na toshe bakina da hannu biyu, kafaɗuna suna girgiza. Zulma ta rungume ni tana cewa in yi kukana, babu komai. Ba kuka nake ba, dariya ce. Mijina yana kwance a wata ƙasa da farfasasshen ƙugu, abin da ya fi so a duniya an raba shi da shi, ni kuwa farin ciki ya cika ni har ina jin kunyar kaina. Babu sauran gangara.

Baba Kamiel ya kamo gefen siket ɗina, yana kallona daga ƙasa.

"'Yata, me aka ce?"

Na goge fuskata na ce yana raye, Baba, zai tashi. Ya runtse ido ya sauke ajiyar zuciya. Sannan ya buɗe su ya tambaye ni, cikin 'yar ƙaramar murya, ko likita ya faɗi yaushe yaron zai koma kan keke. Na durƙusa a gabansa na riƙe hannuwansa, ina ta ƙoƙarin gyara fuskata kafin in ba shi amsa.